Magini Ba Ya Ban Kwana da Gininsa

Laccar da aka gabatar a Gangara, ƙasar Jibiya, a taron tunawa da wani dattijon magini na garin



Mai gari, Allah ya ja zamaninka. Liman da sauran malamanmu, Allah ya gafarta muku. Iyayenmu mata da ke cikin gida kuna jin mu ta lasifika, sannunku da haƙuri, musamman Inna, matar marigayi, wadda rashin nan ya fi taɓawa. 'Yan'uwa da suka tsallako daga Ɗan Isa da Madarunfa da Maraɗi, sannunku da hanya. Mun san yadda hanyar ta zama a 'yan shekarun nan, Allah ya mayar da ku gida lafiya.

'Ya'yan marigayi ne suka ce lallai ni zan yi magana, wai don ni ne malamin makaranta a dangi. A wurinsa kuwa ban taɓa wuce yaron da ake aika ɗebo ruwan kwaɓi ba. Ƙanen mahaifiyata ne, don haka Kawu zan riƙa ce masa, yadda bakina ya saba.

Kawu bai taɓa mallakar takardar haihuwa ba. In ka tambaye shi shekarunsa, sai ya ce ya riga ya yi wayo lokacin da labarin rasuwar Sarki Dikko ya iso garin nan. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya rasu a 1944, sai ku yi lissafi. Ya ga ƙarshen zamanin Dikko, ya ga shekara 37 na Usman Nagogo, ya ga Muhammadu Kabir daga 1981 zuwa 2008, ya kuma ci shekaru masu yawa a zamanin Sarki Abdulmumini, Allah ya ƙara masa lafiya. An biya shi ladan aiki da sule da fam, an biya shi da naira bayan ta shigo a 1973, an biya shi da sefa a tsallake. Amma abin da ya fi karɓa, ya kuma fi so, shi ne damin gero.

Samarin da ke nan, da yawanku ba ku taɓa ganin an tada soro tun daga tushe ba, don haka bari in ɗan daɗe a nan.

Aikin daga kududdufi yake farawa. Ba kowace ƙasa ake gini da ita ba, tamu ta nan kuwa yashi ya yi mata yawa, sai an bi an nemo ja mai danƙo ko birji. Kawu yakan damƙi ƙasa, ya ɗiga mata ruwa, ya murza, ya sansana, kafin ya ce a haƙa. Jakai su kwaso a mangala. A jiƙa, a zuba ciyawa da kashin jaki, a shiga da ƙafa ana cuɗawa, a bar ta ta kwana ta ruɓa, a sake jiƙawa, a sake takawa. Sannan a mulmula tubali mai faɗin gindi da tsinin kai, a jera a rana. Ran gini, magini ya hau katanga ya zauna a kanta, ƙafa ɗaya nan ɗaya can, yaro daga ƙasa yana cilla masa tubali da curin ƙasa, shi yana cafewa yana jerawa, tsini sama, yana ja da baya. Idonsa ne ma'auni. Gindin bango ya yi kauri, yana hawa yana siranta. Ba a kuma ɗora sahu da yawa a yini guda, sai na ƙasa ya sha iska. Shi ya sa mai gida mai gaggawa da Kawu ba su cika rabuwa da daɗi ba.

Wurin rufi ake gane gwani. Azara daga giginya ake tsago ta, namijin giginya aka fi nema, don gara ba ta cika iya masa ba. Sai dai azara tana da iyaka. In ka shimfiɗa ta a kan faɗin da ya wuce kamu huɗu, ka ɗora mata nauyin ƙasa, za ta saki. To yaya aka yi zaurukan sarakuna suka yi faɗin da muke gani, ba ginshiƙi a tsakiya? Bakan gizo ne dabarar. A dasa azara cikin bango, a ɗaura wata a kanta ta ɗan leƙo ciki, a ɗaura wata a kan wannan ta ƙara leƙowa, daga wancan bangon ma haka, har su gamu a sama, a yaɓe su da ƙasa su zama abu guda. In baka biyu suka gitta juna a tsakiya an samu ɗaurin guga, a kansa ake tada tulluwa. Sai a jera ƙananan azara, a shimfiɗa zana ko asabari, a zuba ƙasa, a fitar da indararo, a tada zanko a kusurwa.

Saura abin da zai tare ruwa. Talaka makuba yake yi, daga ɓawon ɗorawa. Mai hali kuwa laso, wanda ake haɗawa da katsin da ya kwanta a ƙarƙashin karofi, da gashin da majema suka kankare daga fata, da ruwan dafara. Ku lura da wannan: magini bai iya yin laso sai marini yana rini, majemi yana jima. Ranar da karofin gari ya mutu, laso ya bi shi, ko da magini yana nan da ransa da iliminsa. Haka giginya. Mun sare, ba mu dasa ba, yau azarar kirki sai an nemo ta daga nesa da tsada. Masu cewa siminti ne kaɗai ya kashe ginin ƙasa sun gajarta labarin.

Duk wannan kowane tsohon magini ya san shi, wasu ma sun fi Kawu ado da zane. Abin da ya sa na yarda in tsaya gabanku wata ɗabi'arsa ce da kowa a garin nan ya shaida. In bazara ta tsananta, hadari ya fara leƙowa daga gabas, sai Kawu ya ɗauki sandarsa ya shiga zagaye. Gida-gida yake bi, duk inda ya taɓa ɗora tubali. Ya yi sallama, ya gaisa, ya ce a kawo tsani. Ya hau soro ya taka da dugadugi yana jin inda ya yi laushi, ya zura sanda cikin indararo ya fitar da sheƙar tsuntsu, ya duba gindin katanga inda ruwa ke kwanciya. Ya sauko ya ce wa mai gida, nan da nan da can, a yaɓe kafin ruwan fari. Ba ya karɓar ko kwabo a kan wannan, iyaka ya sha furar gidan. In mai gida ya yi kunnen ƙashi, sai ya dawo da yaransa su yi yaɓen, ya bar shi da kunya. Na taɓa jin wani ya ce masa, Baba ai an daɗe da biyanka kuɗin ɗakin nan. Ya ce an biya shi kuɗin ginawa, ba a saye sunansa ba, kuma in ɗakin ya faɗa wa yara sunansa za a kira.

Da ya tsufa har hawa ya gagare shi, bai bar zagayen ba. Jika ke hawa, shi yana ƙasa yana tambaya: taka can, me ka ji?

Halin nan ɗaya ne da wanda ya riƙe gida da shi. Gini aikin rani ne, da damina magini manomi ne kamar kowa. A ƙuruciyarsa Kawu yakan tafi cin rani Maraɗi. Dattawa sun san gulbi ya cinye tsohon garin a 1945 aka mayar da shi kan tudu, ga kuɗin gyaɗa ya shigo hannun alhazai, don haka aikin gini ya daɗe bai yanke a can ba. Abokan tafiyarsa wasu sun zauna, sun yi sabon aure, gida sai aike. Shi kuwa ko aiki ya kai rabi, in ya ga alamar ruwa sai ya sallami mai aiki da alkawarin baɗi, ya kamo hanya. Inna tana ji, ta kuma ba ni izinin in faɗa: tun da aka kawo ta gidan, shuka ba ta taɓa samunsa a wani gari ba.

Da yayansa ya rasu ya bar ƙananan yara, Kawu bai tara dangi ana rabon marayu ba. Fasa katangar da ke tsakanin gidajen biyu ya yi, ya fitar da ƙofa, tukunya ta zama ɗaya. Yau a cikin waɗanda ke zaune a sahun 'ya'yansa, baƙo ba zai iya ware na cikinsa ba, mu ma sai mun tsaya tunani. Duk 'yar da zai aurar, sai ya je da kansa ya ga ɗakin da za a kai ta, in bai gamsu ba ya gyara, surukai na jin nauyi yana aikinsa. Akwai kuma ɗaki guda a gidansa da ba ya bari a mayar da shi ma'ajiya, wai na wadda aure ya ƙi ne, don kada 'yar gidan ta tsaya inda ake wulaƙanta ta saboda rashin wurin komawa. An shiga ɗakin nan, an fita, ba sau ɗaya ba.

Sai rumbu. Ni a ganina gwanintarsa ta fi fitowa a nan fiye da soro, ko da yake ba a yi wa mai ginin rumbu kirari. Bango ne siriri, ba tubali, ana ɗora shi zobe-zobe a kan duwatsu don gudun danshi da gara, ya yi ciki, ya tsuke baki. A farin 1973 da 1974, da kuma na 1984, wanda 'yan'uwanmu na Nijar ke kira El Buhari saboda ya zo daidai da rufe iyakar da gwamnatin Buhari ta yi, an ga bambancin gidan da ke da tsohon hatsi da wanda ba shi da shi. Kawu yana da rumbun da ba a buɗewa sai sabon gero ya shigo gida. Mun ƙi jinin wannan doka muna yara. A waɗancan shekarun ita ta ciyar da mu, har da baƙin da suka gangaro daga arewa suka sauka a zaurensa.

Kada a ce ɗan yaya ya zo yana wanke kawunsa. Mutum ne mai zafi a bakin aiki. Akwai masu furfura a nan da curin ƙasa ya taɓa samu a ƙeya, ina ganinsu suna dariya. Yana kuma da abin da tsofaffin masu sana'a da yawa ke da shi, wato rowar sirri. Yadda yake auna haɗin laso bai taɓa faɗa wa kowa da baki ba, sai dai ka kalla ka gane. Wasu sun gane, wasu ba su gane ba, abin da ba a gane ba kuwa ya tafi da shi. Wannan asara ce, kuma bai kamata mu yi mata ado ba.

Akwai kuma waɗanda ba a ambata in ana yabon magini. Ruwan da aka kwaɓa ƙasar nan da shi, mata da 'yanmata ne suka ɗauko mafi yawansa a ka. Daɓen ɗaki aikinsu ne, su taru da madaɓi suna bugu har ƙasa ta yi sheƙi. Abincin ma'aikata su suka dafa. Rabin ladan kowane ɗaki da Kawu ya gina a garin nan yana can bayan katangar da lasifikar nan ke fuskanta.

Yanzu bari in fita da ku daga Gangara kaɗan, don ku san irin mutanen da Kawu yake sahunsu.

A jihar Tawa ta Nijar akwai wani ƙauye, Yama. A 1962 dattawan garin suka yanke shawarar gina masallacin Juma'a, suka danƙa aikin ga maginin garinsu, Falke Barmu, wanda shi ma manomi ne. Gayya aka yi: wani ya buga tubali, wani ya ɗauko ruwa, wani ya kawo itace. Ginin farko ba wani abin kallo ba ne, ɗaki ne mai kusurwa huɗu da ginshiƙai da mihirabi. Da a nan labarin ya tsaya da ba wanda ya ji sunan Yama. Amma Falke ya koma. A 1975 rufin ya nemi gyara, sai ya sauya shi, ya ɗaure sanduna dami-dami ya tanƙwara su suka zama baka, ya tada tulluwa a tsakiya. Daga nan har 1982 yana ƙari, ya tada hasumiya huɗu a kusurwoyi, kowace da siffarta, ba wadda ta kwaikwayi 'yar'uwarta. Shekara 20 mutum ɗaya yana komawa kan gini ɗaya. A 1986 aka ba masallacin lambar yabo ta Aga Khan, wadda ake bayarwa duk shekara 3 ga fitattun gine-gine a duniyar Musulmi. A wannan zagayen, cikin waɗanda suka samu tare da shi akwai aikin gyaran Masallacin Ƙudus da na tsohon birnin Mostar a Turai. Masallacin ƙasa na ƙauyen Hausawa, a jihar da masana'antar simintin Malbaza take.

Kafin shi, a 1983, masallacin Niono na ƙasar Mali ya samu wannan lamba, shi ma magininsa Lasina Minta ya fara shi ne a shekarun 1940, ya yi ta faɗaɗa shi har 1973. A Jenne kuwa, inda babban masallacin ƙasa da aka sake ginawa a 1907 yake, gari gaba ɗaya ke fita yaɓe kowace shekara, sun mayar da abin biki. Hasumiyar Agadas mai tsawon mita 27 tana tsaye ne saboda ba a daina hawanta ana gyara ba. Hasumiyar Gobarau ta Katsina ma da ba a tallafe ta ba da yanzu tsibi ce.

A ɓangarenmu na Nijeriya sunan da ya fi girma shi ne Babban Gwani Mika'ilu, wanda ake kuma kira Muhammadu Durugu, maginin Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Masana gine-gine na duniya sun auna bakunan wannan masallaci sun zana, har aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos. Labarin baka yana cewa da dare yake aiki, yana kuma cewa wani sarki ya sa an kashe shi don kada ya gina wa wani abin da ya fi nasa. Wannan na masu ba da labari ne. Abin da yake a fili shi ne sana'ar ta zauna a gidansa, zuriyarsa suka riƙe ta, har yau akwai unguwa da sunansa a birnin Zariya. Kun kuma san abin da ya faru ranar Juma'a 11 ga Agusta 2023, da wani sashe na masallacin ya rufta ana sallar La'asar, aƙalla mutum 7 suka rasu, Allah ya jiƙansu. Gini ne da ya doshi shekara 190. Da labarin ya zo mana a rediyo, tambaya ɗaya Kawu ya yi: wa ke hawa kansa duk shekara?

Ban zo in ce ku rushe bulo ku koma tubali ba. Kowa ya san abin da ya jawo mutane ga siminti da kwano. Da kuɗin Udoji, wato ƙarin albashin ma'aikata, suka shigo a tsakiyar shekarun 1970, shekarun da ɗaruruwan jiragen siminti suka toshe tashar Legas, rufin kwano ya zama shaidar cewa ɗan gida ya samu. Amma ba alfahari kaɗai ba ne. Kwano ba ya neman yaɓe duk shekara, mai gida da ke Kano ko Legas yana iya barci da damina. Wanda kuma ya ga daren 15 ga Yuli 2018, da ruwa ya shiga Jibiya ya kashe mutum fiye da 40 ya rushe ɗaruruwan gidaje, ba zai yi wa ginin ƙasa waƙar yabo ido rufe ba. Ƙasa in ta tsaya cikin ruwa narkewa take. Kawu da kansa, a shekarunsa na baya, yakan ce a zuba dutse da siminti a tushe, a ɗaga gindin bango, sannan a ɗora tubali. Ya yarda da kwano a kan ɗakin ƙasa, in za a fitar da bakinsa ya kare bango.

Abin da bai yarda da shi ba har ya koma ga Allah shi ne shafe bangon ƙasa da siminti. Yakan ce babbar riga ce a kan ƙurji. Yana da gaskiya. Siminti da ƙasa ba sa kama juna, zafi da sanyi su buɗe 'yar tsaga, ruwa ya shiga ta baya ya rasa hanyar fita, ƙasa ta yi ta ruɓewa a ɓoye alhali waje sumul. Mai gida ba zai ga alama ba sai ran da ɓawon ya ɓalle da rabin bango. Yaɓen ƙasa kuwa yana nuna ciwonsa a fili, ka gani ka gyara.

Akwai kuma lissafin da ba mu cika yi ba. A watan Afrilu, zafi ya haura 40 a ma'auni, ku shiga ɗakin bulo mai kwano da azahar, ku fito ku shiga zauren Kawu. Bango mai kauri yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare. Mu da wuta ba ta zauna mana ba, wannan ba ƙaramin abu ba ne ga tsoho da jariri da mai jego. Ga kuɗin buhun siminti, wanda ba sai na faɗa muku ba. Kuɗin tubali kuwa a gari yake tsayawa, wurin mai jaki da mai ruwa da mai kwaɓi.

Babban abin da ya ci gidajen ƙasa a yankin nan a shekarun baya-bayan nan ma ba ruwa ba ne, gudu ne. Ba sai na ambaci ƙauyukan da suka watse saboda 'yan bindiga ba, mutanensu suna cikinmu, wasu suna Jibiya, wasu suna Katsina, wasu sun tsallaka. An ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi, to su ba da son ransu suka bari ba. Gidan ƙasa in damina biyu ko uku ta wuce ba hannu a kansa, indararo ya toshe, rufi ya zauna, shi ke nan. Wannan ya dami Kawu fiye da ciwon gwiwarsa. Akwai garuruwan da ya gina wa masallaci da rumbuna, zagayensa ya daina kaiwa can. Yakan kira sunayensu ɗaya bayan ɗaya in hadari ya haɗu. Rufe iyaka na 2019 da na 2023 su ma sun raba shi da gine-ginensa na tsallake da jikokinsa na can, a kan layin da Ingila da Faransa suka shata tun kafin a haife shi.

In Allah ya kawo zaman lafiya, muna kuma roƙon ya kawo, mutanen nan za su koma, kuma ba da kuɗin bulo za su koma ba. Da ƙasar kududdufinsu za su sake tada ɗakuna. Wa zai nuna musu? Maginan da suka iya ɗaurin guga a ƙasar Jibiya yau, ina jin yatsun hannu sun ishe mu ƙirga su, kuma duk sun manyanta. Yaranmu suna koyon birkila, suna da hujja, ga aikin layin dogo na Kano zuwa Maraɗi da aka aza harsashinsa a 2021 ya biyo ta ƙasarmu. Ba na hana su. Abin da nake ƙi shi ne yadda muka sa yaro yake jin kunyar a gan shi da taɓo a ƙafa, har iyayen yarinya su ji an ce ɗakin ƙasa su ɓata fuska.

Ku ji abin da aka yi a Dandaji, can jihar Tawa. Tsohon masallacin garin, wanda shi ma tsarin Falke Barmu ne, ya lalace, jama'a na son sabo babba. Wata 'yar Nijar mai ilimin zanen gine-gine, Mariyam Kamara, da abokiyar aikinta Yasaman Esma'ili 'yar Iran, suka tsara sabon masallaci da bulon ƙasa da ake matsewa da inji, tsohon kuwa aka gyara shi ya zama ɗakin karatu. Da za a yi gyaran, maginan da suka san ginin tun asali aka nemo, suka yi aiki tare da masu takardar. An gama a 2018. Mai digiri ta nemi mai tubali, don akwai abin da yake hannunsa wanda babu a takardarta. Mu ma muna da jami'a a Katsina, muna da kwalejin Hassan Usman, muna da tsohuwar Kwalejin Katsina ta farkon shekarun 1920, ginin ƙasa, wadda yanzu gidan tarihi ce. Ɗaliban gini nawa aka taɓa turowa su zauna yini guda da irin su Kawu, da littafi da biro?

Ga abin da muka tattauna da 'ya'yansa da almajiransa jiya da dare, suka ce in sanar. Zagayen bana ba zai faɗi ba. Babban almajirinsa, wanda duk kun sani, shi zai ja gaba, jikoki biyu za su riƙa hawa. Za a fara da masallacin unguwa, wanda indararonsa na gabas ya karye tun bara, sannan gidajen gwauraye mata da na marayu, sannan sauran. Ana neman jakai na kwana biyu, da ɓawon ɗorawa daga duk wadda ta tara, da matasan da za su taka ƙasa. Na ɗauki nauyin zama da almajiran nan in rubuta abin da kowannensu ya gane na haɗin laso da ɗaurin baka, mu gwada a bango mu ga na wa ya tsaya. Mai gari, Allah ya ja zamaninka, muna roƙon a ware mana gefen fadama a dasa ƙwallon giginya, a kuma hana sara. Ba mu za mu tsaga azararta ba, giginya tana daɗewa kafin ta isa. Duk mai son a sa gidansa cikin zagayen, ko mai son ba da yaro, ya samu Liman bayan La'asar.

Allah ya jiƙan Kawu, ya yafe masa, ya ba Inna da mu haƙuri.